Kwayil Takwas a Bokiti Ɗaya

Na-iya ya ci amana. Ya ci ta da rana tsaka, a tsakar gidansa, da sifana lamba goma a hannu, kuma amanar ta yayan matarsa ce. Ba yunwa ce ta sa shi ba, ba wanda ya tilasta masa. Son banza ne kawai da ƙaryar iyawa.

Sunan ma da bakinsa ya jawo shi. Ko me aka ce ya lalace, famfo ne, fanka ce, ƙofar firji ce, kafin a rufe baki zai ce, "Na iya." Sana'arsa sayar da labule, kuma a nan kaɗai maganar take gaskiya. A falonsa akwai fanka mai juyawa da baya, da agogon bango da ya daina tafiya tun ranar da ya gyara shi.

Ranar Litinin motarsa ta fara rawa. In ya tsaya a danja sai ta kama kakkarwa kamar mai zazzaɓi, sitiyari na girgiza, haƙoransa na haɗuwa. Ya kai ta gareji. Makaniki ya ɗaga bonet, ya cire murfin inji, ya nuna masa wasu baƙaƙen abubuwa huɗu a jere, kowanne kamar 'yar tocila da aka soka a cikin inji.

"Waɗannan su ne kwayil," in ji makanikin. "Kowanne yana zaune a kan fulogi, shi ke ba shi wuta. Ɗaya ya mutu. Ka sayo sabo in sa maka."

Makanikin ya nuna yadda ake gane mataccen, har ya ɗora yatsa a kansa. Na-iya bai gani ba, yana waya da wata mata a kan launin labule. Abu biyu ne suka shiga kunnensa: ɗaya ya mutu, kuma noti ɗaya ne ke riƙe da kowanne.

"Noti ɗaya? Ai na iya," ya ce, ya ja motarsa ya tafi tana rawa.

Da ya dawo gida da yamma sai ya tarar da baƙuwar mota a tsakar gida, an lulluɓe ta da tamfol. Ta yayan matarsa ce, wanda duk dangi ke kira Yaya. Ma'aikacin awon filaye ne, mutum mai ƙarancin magana, wanda in ya dubi abu sai ka ji kamar yana auna shi. Aiki ya kai shi tafiya, ana kuma haƙa layinsu, shi ne ya kawo motar da rana lokacin Na-iya yana shago. Ya damƙa makulli a hannun ƙanwarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda koyarwa take yi, ya ce zai dawo Asabar da la'asar. Ya ƙara da kalma huɗu: "Kada a taɓa ta."

Shekara goma sha huɗu da auren, Yaya bai taɓa ba Na-iya ajiyar komai ba, tun da ya ara masa tsani aka mayar masa da shi gida biyu. Wannan ne karo na farko da ya bar wani abu nasa a gidan. Mai hankali da ya riƙe wannan da hannu biyu. Na-iya kuwa abin da ya gani shi ne motar irin tasa ce sak, kamfani ɗaya, shekara ɗaya, launi ne kawai ya bambanta. Kwayil huɗu masu lafiya suna barci a ƙarƙashin tamfol, shi kuma yana yawo a titi kamar an ɗora shi a kan injin markaɗe.

Ya tsara abin a ransa. Zai ɗauki ɗaya mai kyau, ya mayar da mataccensa a gurbin. In Yaya ya dawo ya ji rawa, sai a ce zaman da motar ta yi ne. Wa zai sani?

Sai ranar Asabar da safe ya sami sarari, da Malama ta tafi kasuwa sayen kayan girkin tarbar yayanta. Tana fita ya zaro makullin daga gwangwanin hodar da ta ɓoye shi. Ya yaye tamfol, ya ɗaga bonet. Bai ta da motar ba, don kada maƙwabta su ji. Nan ne ya tuna cewa bai san wanne ne mataccen a tasa motar ba.

"Ba komai," ya gaya wa kansa. "Matacce ai ba ya ɓuya. In na jera su zan gane."

Ya kwance nasa huɗu. Ya kwance na Yaya huɗu don ya sami abin kwatantawa. Ya ɗauko babban tiren da ake kai wa baƙi shayi, ya jera nasa a hagu, na Yaya a dama. Ya ɗauki kowanne ya juya shi, ya shinshina, ya girgiza a kunne, ya ƙwanƙwasa da farce. Duk takwas ɗin baƙaƙe ne, duk shiru suke, babu wanda ya nuna alamar rasuwa.

Ya yanke shawara sai ya haska cikinsu. Tocilar gidan tana cikin abubuwan da ya gyara, don haka ya rufe bonet ɗin Yaya, ya mayar da tamfol, ya shiga maƙwabta aro. Maƙwabcin tsoho ne da ya yi shekara talatin yana jan babbar mota, ana ce masa Baba Direba, kuma ba ya ba da aron komai sai ya haɗa da labarin wata gada da ya taɓa tsallakawa babu birki. Labarin ya ci rabin awa.

Da Na-iya ya dawo sai ya tarar da Malama a bakin famfo tana darje tire da soso.

"Malama! Ina abubuwan da ke kai?"

"Tarkacen nan? Suna cikin bokiti. Baban yara, a duk faɗin gidan nan ba ka ga inda za ka zuba baƙin mai ba sai tiren baƙi?"

Ya leƙa bokitin. Ga su nan, kai da ƙafa, sun rungumi juna kamar kifi. Babu hagu, babu dama.

"Kin kashe ni," ya ce.

"Da sauranka tukuna." Ta leƙo ita ma, ta ƙirga da ido kamar yadda take ƙirga 'yan ajinta. "Takwas. Ba ka ce mini huɗu makaniki ya nuna maka ba?"

"Huɗu na aiki, huɗu na hutu. Haka motocin zamani suke. Ke me kika sani a harkar inji?"

"Ban san komai ba," in ji Malama, ta dube shi, ta dubi tamfol, ta ɗauki tirenta ta shige kicin.

Na-iya ya share zufa ya zauna ya yi tunani. A ganinsa abin bai ɓaci ba. Takwas ne, ɗaya matacce. In ya sa huɗu a motarsa ta yi rawa, mataccen yana cikinsu, sauran huɗun kuwa lafiyayyu ne. Har ya yaba wa kansa da wannan basira.

Ya zaɓi huɗu ya sa, ya ɗaure noti, ya soka soket, ya murɗa makulli. Mota ta yi rawa.

"Na kama ka," ya ce.

Ya kwance su ya ajiye gefe, ya sa sauran huɗun yana fito. Ya murɗa makulli. Motar ta yi tari, ta yi atishawa ta salansa, sannan ta kama wata irin rawa da ba ta taɓa yi ba, har madubin ciki ya sunkuyar da kai. Kajin maƙwabta suka watse.

Ya kashe ta ya tsaya yana kallon sama. Matacce ɗaya ba zai kasance a wuri biyu ba. Sai dai in cutar tana yaɗuwa. Ya tuna yadda suka kwanta jikin juna a bokiti.

"Malama! Bokitin nan da ruwa a ciki?"

"A bushe yake," ta amsa daga kicin.

"To sun goga wa juna."

"Allah ya ba su lafiya."

Ya ga dole ya riƙa sa alama, in ba haka ba zai haukace. Ya nemi alli bai samu ba, ya lallaɓa ɗaki ya ɗauko kwalbar jan farcen Malama. Wanda yake zargi zai ɗiga masa ɗigo biyu, wanda ya yarda da shi ɗigo ɗaya. Ya sa waɗannan ya cire waɗancan, ya haɗa biyu daga nan da biyu daga can. Wanda ya yarda da shi da hantsi ya koma abin zargi kafin azahar, sai ya ƙara masa ɗigo. Wanda ya zarga ya wanke kansa, amma ɗigo ba ya gogewa, sai ya zagaye shi da da'ira. Inji ya yi zafi, yatsunsa suka dame ɗigon tun bai bushe ba. Zuwa can duk takwas ɗin sun yi ja kamar an yanka kaza a kansu, shi ma hannunsa da gefen hancinsa haka.

Sai wata dabara ta zo masa: ya zare ɗaya inji na tafiya ya ga ko zai ga wutar da idonsa. Ya kwance noti, ya kama kwayil da hannu, ya ja shi sama. Wutar ba ta tsaya ya gan ta ba. Ta bi ta yatsunsa ta haura gwiwar hannu ta gaishe da haƙorin da ke damunsa. Ya yi wata ƙara, ya yi tsalle da baya, ya zauna daram a cikin bokitin.

"Wannan dai yana da rai," in ji wata murya daga sama.

Baba Direba ne ya ɗora haɓa a kan katanga, da alama ya daɗe a wurin.

"Baba, ina wuni," in ji Na-iya daga cikin bokiti.

"Lafiya lau. Ɗana, tun safe nake jin motar nan tana kuka, na ce bari in zo in yi mata jaje. Wa ya koya maka wannan aikin?"

"Na iya, Baba."

"Na gani. To saurara, sau ɗaya zan faɗa. Ba a jan kwayil, soket ake cirewa. Ka bar inji na tafiya, ka cire soket ɗaya. In rawar ta ƙaru, wannan mai rai ne, ka raba shi da aikinsa. In babu abin da ya canja, dama can gawa ce. Ɗaya bayan ɗaya, ba a yi musu taron dangi." Ya miƙa wuya ya ƙara dubawa. "Af. Yaushe motarka ta haifi huɗu?"

"Na hutu ne."

"Uhm," in ji Baba Direba. "Shekara talatin ina tuƙi, ni ban samu hutu ba, ashe kwayil ya samu."

Da tsohon yana ba da umarni daga kan katanga, aikin da ya ci rabin yini ya ƙare cikin minti ashirin. Na-iya ya jera gawarwakin a kan dakali. Uku ne.

Ya ƙirga ya sake ƙirgawa. Ɗaya nasa ne, wannan ya sani. Biyun kuwa, a tunaninsa, shi ya kashe su da hannunsa, ko bokiti, ko jan farce. Masu rai biyar suka rage, motoci biyu kuma na jiran takwas. Inuwar katanga ta riga ta kai bakin famfo. Wayar Malama ta yi ƙara a kicin, ya ji tana cewa, "Kun shigo gari? To Yaya, sai ka iso."

Tuba ba ta zo masa ba, tsoro ne ya zo. In ya zuba wa Yaya gawa uku, motar ba za ta ko fita ƙofa ba. In ya sa masa ɗaya, za ta yi rawa, Yaya kuwa ba mutumin da zai ji rawa ya ƙyale ba ne. Zai ɗaga bonet, ya cire murfi, ya ga ja. Ya gwada goge jan da tsumma, da sabulu, da yawu, bai fita ba. Hanya ɗaya ta rage: motar ta tashi sumul, yadda babu dalilin da zai sa a buɗe ta.

Ya zaɓi huɗu masu rai, ya yaye tamfol, ya sa su a motar Yaya. Ya ɗaure, ya soka, ya mayar da murfin inji ya rufe ɓarnar. Tagar kicin tana kallon wurin, labulenta kuma ya ɗan motsa, amma bai da lokacin tunanin wannan. Ya zuba sauran a tasa motar, mai rai ɗaya da gawa uku, ya mayar da makulli cikin gwangwanin hoda, ya wanke hannu har fata ta yi zafi, ya zauna a kujera da jarida kamar wanda ya wuni yana karatu.

Yaya ya iso da 'yar jakarsa. Aka gaisa, aka ci abinci, aka tambayi yara da hanya. Na-iya ya ci da hannunsa a dunƙule. Da aka gama Yaya ya karɓi makulli, suka fito gaba ɗaya, ya yaye tamfol ya naɗe shi gida huɗu daidai wa daida.

"An taɓa ta?"

"Wa? Ni?" in ji Na-iya. "Yaya, ko inuwarta ban taka ba. Na rantse. Baba Direba shaida ne."

"Ni ban ce komai ba," in ji katanga.

Yaya ya shiga ya murɗa makulli. Motar ta tashi lumui, tana numfashi a hankali kamar jariri mai barci. Na-iya ya saki ajiyar zuciya, har ya fara murmushi.

Yaya bai yi murmushi ba. Ya karkata kunne. Ya taka totur ya saki. Ya ɗora tafin hannu a kan sitiyari. Sannan ya kashe ta ya fito.

"Ikon Allah," ya ce. "Ƙanwata, tamfol ɗin nan magani ne."

"Me ya faru, Yaya?"

"Da ƙyar na kawo motar nan gidan nan. Kwayil biyu sun mutu, tana rawa kamar za ta zubar da ƙofofi." Ya buɗe jakarsa ya fito da ƙananan kwalaye biyu. "Ga sababbi na taho da su. Ashe ta warke da kanta."

Na-iya ya dubi kwalayen. Wato tun farko gidan marasa lafiya ya shiga sata.

Yaya ya ɗaga bonet, ya cire murfin, ya tsaya yana kallo. Kwayil huɗu jajaye suka dube shi, wani da ɗigo, wani da da'ira, wani da shatin babban yatsa. Malama ta matso ta ɗora hannunta a gefen inji. Launin farcenta da nasu ɗaya.

"Yaya, bari ka ji," in ji Na-iya da sauri. "Gyara maka na yi. So na yi in ba ka mamaki."

"Ka ba ni. Amma yanzu ka rantse ba ka taka inuwarta ba."

"Ta wancan gefen na bi."

"Ka ta da ita ka ji rawar?"

"A'a. Wato, eh. Wato a jikina na ji."

"Ba ka ta da ita ba, ka san ba ta da lafiya. Ashe mai labule ya fi makanikina." Yaya ya juya wajen ɗayar motar. "Ta da taka mu ji."

"Tana hutawa."

"Ta da ita, Baban yara," in ji Malama. "Ai huɗu na aiki, huɗu na hutu."

Babu yadda ya iya. Ya shiga ya murɗa. Motar ta yi gurnani, ta yi shaƙuwa sau biyu, ta saki wani ƙaton tusa ta salansa da baƙin hayaƙi, ta mutu. Ya sake murɗawa, ta ƙi ko amsa sallama. A kan katanga Baba Direba yana dariya har hularsa ta faɗo cikin gidan.

Yaya ya dubi ƙanwarsa. Ita kuwa ta zayyana masa komai a tsanake, kamar tana karanta sakamakon jarrabawa: gwangwanin hoda, tiren baƙi, bokiti, kwalbar jan farcen da aka ƙarar, da abin da ta gani ta taga.

"Ke ma da kin yi magana tun da wuri," in ji Na-iya.

"Ni me na sani a harkar inji?"

Yaya ya mayar da murfi, ya rufe bonet a hankali, ya goge hannu da hankici.

"Ka ce gyara mini ka yi," ya ce. "Na karɓa, na gode. Kyauta ba a mayar da ita."

"To Yaya, sababbin nan biyu, tun da ba ka buƙatarsu yanzu..."

Yaya ya dube shi irin kallon da yake yi wa filin da aka ci iyakarsa. Ya mayar da kwalayen cikin jaka, ya ja zif.

Ya tafi da motarsa da kwayil huɗu masu rai da sababbi biyu. Motar Na-iya ta yi wata biyu a tsakar gida ba ta motsa ba, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Da ƙafa ya riƙa zuwa shago, da ƙunshin labule a ka. Kuma har yau babu wanda ya sake ba shi riƙon makulli a dangin matarsa, ko da na kwaɗon banɗaki ne.